Kunnen Kaisar da Ramin Kaldara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa yawo, ya ɗaga sama ya ba ido kallo, ya huda kunne ya ce a saurara. Ni ne Nomau ɗan Gwadabe, wanda ya sha ruwan rijiyoyin da ba a san sunansu a nan ba, ya fita da baƙin gashi ya dawo da furfura da ɓacin rai. Ku gyara zama. Masu ƙus-ƙus a bayan zaure su yi mini shiru, don labarin nan ba na dariya ba ne, kuma in na fara ba na komawa baya saboda wanda ya makara.

Wani falke mai sayar da murjani ne ya jawo mini. Ya ce a bayan hamada akwai daular Rum, sarkinta ana ce masa Kaisar. Wai can doka ba ta kwana a bakin sarki, a tagulla ake zuba ta a kafe a bango, kuma sarkin yana da kunne a kowane gari, kukan talaka yana isa gare shi. Ni kuwa a lokacin kwaɗayin sani ya hana ni zama. Na ce sai na ga yadda mutum zai zauna wuri guda maganarsa ta yi aiki a garin da bai taɓa takawa ba, in ɗauko dabarar in kawo mana gida. Ku ji wauta!

Na bi ayari muka ratsa rairayin da ke kuka da tsakar rana kamar ana kaɗa ganga a ƙarƙashinsa. Muka wuce wani kwari inda duwatsu ke da siffar mutane a durƙushe. Guguwa ta raba ni da ayarin, salkata ta ƙafe, na yi ta jan jiki har na faɗi a cikin wata gonar zaitun, ban ƙara sanin inda kaina yake ba.

Mai gonar ne ya tsince ni, sunansa Sabinu, mai matsar man zaitun a birnin Kaldara, can gefen daular Rum. Ya ɗora ni a bayan sansa, wani jan sa mai karyayyen ƙaho wanda ke juya masa dutsen matsa, ya kai ni gida. Matarsa Dunata ta yi jinyata da romo da mai har na miƙe. Sunana ya gagari harshenta, sai ta riƙa kirana Baƙo, ni kuma ina ce mata Inna. Sabinu mutum ne mai yawan dariya da gajeren haƙuri. Na ƙaunace shi ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Da na fara fita gari sai na ga abin da falke ya faɗa, har ya fi. Tagulla a ƙofar birni, tagulla a kasuwa, tagulla a bangon gidan wanka, duk dokoki. Bango ya cika har ana ɓamɓare tsofaffi, talakawa suna rufin akurki da su. Wallahi na ga kaji suna ƙwai a ƙarƙashin dokar gado. Na sa aka karanta mini wasu, sai na ji doka ɗaya tana ta maimaita kanta, kowace sabuwa ta fi ta baya zafin harshe.

Na ce, “Maigida, me ya sa Kaisar yake nanata magana haka?”

Sabinu ya kwashe da dariya ya ce, “Saboda ba a bi ta farko ba mana, Nomau. Shi yana can yana faɗa, mu muna nan muna gani.”

Ba a jima ba muka gani kuwa. Hakimin lardin, Barsanu, yana gina wa kansa gidan shan iska, sai yaransa suka zo kama shanun jan dutse. Suka kwance jan san daga matsa. Sabinu ya bi su har kasuwa, ya cafke igiyar, ya nuna wata tagulla da kowa a garin ya san abin da ke cikinta, ya ɗaga murya ya ce, “Kaisar ya hana a taɓa san talaka na aiki! Ga shi can a bango!” Mutane suka taru, yaran Hakimi suka ji kunya. Kafin la’asar an tafi da san, an tafi da mai san.

A ƙarƙashin gidan Hakimi akwai wani tsohon tafkin ajiye ruwa da aka daina amfani da shi, ya bushe. Shi suke kira Rami. Nan ake jefa wanda ke jiran shari’a, babu taga, babu fitila, sai ƙaramin baki a sama. Akwai doka, ba ɗaya ba, da ta ce kada a bar mutum a ciki ba a saurare shi ba, kuma a riƙa fito da shi ya sha rana. Sabinu ya shiga, damina ta wuce, ba a kira shi ba. Kowace safiya Dunata takan je bakin Rami ta zura kwandon gurasa da igiya. In ya karɓa sai ya ja igiyar, ta ji motsin a tafin hannunta. Iyakar abin da ya rage tsakaninsu ke nan. Amma tana cewa jan yana raguwa da ƙarfi, kuma tana jiyo tarinsa daga ƙasa.

Na ce mata, “Inna, ina kunnen nan da aka ce Kaisar yana da shi?”

Ta ce, “Yana tafe, Baƙo. Sai Ranar Murya.”

Ga yadda abin yake. Kaisar ya san hakimansa suna yi masa ƙarya, don haka ya tanadi waɗansu mutane da ake kira Kunnen Kaisar. Kowace shekara ɗayansu yakan zo gari, ya zauna a dandali kusa da hoton Kaisar, wani babban allo mai zanen fuskarsa wanda ake girmamawa kamar shi kansa. Sai a kunna turare a gaban hoton. Muddin hayaƙi yana tashi, duk abin da gari ya faɗa da murya ɗaya, yabo ne ko kuka, Kunne zai ɗauke shi ya kai fada, ba ragi ba ƙari. Muryar mutum ɗaya ba ta shiga. Turare na mutuwa an rufe. Kuma kada ku ce ana sayen Kunne, domin a bayansa akwai wani a tsaye da ake kira Ido, aikinsa kawai ya zuba masa ido.

Aka taru a tsakar gidan Dunata da hantsi don a shirya. Mai jan bakin gari wani dogo ne mai muryar ƙaho, Lukilu, Sarkin Kirari. Shi ke faɗa jama’a su amsa, haka ya gada.

Na ce, “Sarkin Kirari, turaren nan ba shi da yawa. Ana kunna shi ku ce a fito da Sabinu daga Rami. In lokaci ya rage a yi yabon.”

Kai, sai ka ce na zagi iyayensu. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Lukilu ya ce, “Haba Baƙo! A faɗa wa Kaisar da kuka babu gaisuwa? Mu ’yan tawaye ne? Ai gwargwadon girman roƙo, gwargwadon tsawon gaisuwa. Ran mutum muke nema, dole mu yi masa gaisuwar da ba a taɓa yi ba. Sannan a gai da Hakimi, don kada a ce ƙiyayya ce. Sannan kukan.”

Na yi gardama har muryata ta dushe. Kada ku yi musu dariya, ku da kuke tambayar gajiya da gida da yara kafin ku ce ɗakinku ya kama da wuta.

Ranar ta zo. Dandali ya cika maƙil. Hakimi Barsanu ya zauna a gefe yana murmushi, don ya san mutanensa. Aka kunna turare. Lukilu ya ɗaga hannu: “Kaisar, ka daɗe!” Gari ya amsa har tantabaru suka tashi. “Kaisar, garkuwar duniya! Kaisar ɗan Kaisar!” Aka yabi ubansa, aka yabi kakansa, aka yabi yaƙe-yaƙensa ɗaya bayan ɗaya. Ni idona yana kan kaskon. Hayaƙin da ya fara da kauri ya koma siriri. Na kutsa na ja rigar Lukilu, ya fizge, daɗin muryarsa ya ɗebe shi. “Barsanu, mai riƙon amana, ka daɗe!” Gari ya amsa. Sannan ya ja dogon numfashi, ya buɗe baki zai ambaci Sabinu.

Hayaƙin ya yanke. Kunne ya miƙe tsaye.

Dunata ta ƙwalla ƙara ita kaɗai, ta ratsa mutane ta faɗi a gabansa. “Mijina yana Rami! Ba a saurare shi ba!”

Kunnen nan mutum ne mai sanyin fuska. Ya dube ta idonsa ya kawo ruwa, ya waiwayi Idon da ke bayansa, sannan ya ce, “Inna, ni na ji ki. Amma abin da gari ya faɗa zan kai, kuma gari yabo ya yi.”

Amsa ta zo daga fada bayan wani lokaci. Kaisar ya ji daɗin yadda mutanen Kaldara ke son hakiminsu, ya ƙara masa shekarun mulki, ya aiko wa garin sabon hoto don girmamawa, ya ce a mayar masa da tsohon. Ranar da aka yi shelar nan na kasa riƙe bakina. Na tsaya tsakiyar kasuwa na zazzage wa Barsanu abin da ke cikina, har da kakanninsa. Yaransa suka yo kaina. Na ruga, suka biyo ni ta rumfunan masu kifi, na ɓullo dandali daidai lokacin da ’yan dako ke ɗaga tsohon hoton. Sai na tuna wata tagulla da aka karanta mini: duk wanda ya dafa hoton Kaisar ba a kama shi, ba a dukansa, muddin hannunsa na kai. Na yi tsalle na ƙanƙame katakon gefensa. Suka ja burki, suka tsaya suna huci.

Dunata ta zo, ta yanko guntu daga igiyar kwandonta, ta ɗaure mini wuyan hannu a jikin katakon tamau don kada barci ya sa in saki.

Na ce, “Inna, inda hoton nan za shi can za ni. Da bakina zan gaya wa Kaisar.”

Ta ƙara ƙulla igiyar. Can ta ce, “Baƙo, mu nan in aka ce Kaisar ya ji, gabanmu faɗuwa yake yi. Amma je ka, Allah ya tsare. Ni dai har yau mijina yana jan igiya.”

Haka na yi tafiyar, hannu ɗaya a ɗaure. Yaran Hakimi suka bi mu har bakin teku suna jiran in saki. Suka jefo mini kunama a riga, na daure ta harbe ni. Suka turo wata mai sayar da zuma ta ɓarar mini a ka don ƙudan zuma su taru, na kumbura kamar tulu, ban saki ba. A teku hadari ya taso, sarkin jirgi ya sa a zubar da kaya da duk baƙon da ba shi da mai tsaya masa. Suka zo kaina, na ce, “Bismillah, ku jefa mu tare da Kaisar.” Suka koma suka jefa buhunan alkama.

A ɗaya gaɓar muka kama hanyar fada, shimfiɗaɗɗiya da dutse. Nan na ga abin mamaki: hasumiyoyi a jere har iyakar gani, a kan kowace akwai Ido yana duban na gabansa, na bayansa kuma yana dubansa. Na tambayi shugaban ’yan dako wa ke duban na ƙarshe. Ya rage murya ya ce na ƙarshen tsufa ya makantar da shi tuntuni, amma dokar ba ta faɗi wanda zai kai rahotonsa ba, don haka yana nan zaune.

Fadar kuwa ba zan iya kwatanta muku ita ba. Tsuntsayen tagulla suna kuka a kan itatuwan azurfa. Labule bayan labule, a bakin kowanne akwai masu hana magana da sandunansu, ko tari ka yi sai sun harare ka. Ba mai isa gaban Kaisar sai manya. Amma al’adarsu ce tsohon hoto sai Kaisar ya yi masa sallama da idonsa kafin a kai shi taska. Suka rasa yadda za su yi da ni. Kwance ni kamawa ne, yanke hannun kuma zubar da jini ne a gaban hoto. Dole suka shiga da mu tare.

Aka yaye labulen ƙarshe. Na dubi fuskar hoton da na sha wuya a jikinsa, saurayi mai faɗin kafaɗa, na dubi mai fuskar. Wani ɗan tsoho ne rigar lu’ulu’u ta yi masa nauyi, ƙafafunsa a kumbure cikin tasar ruwan ɗumi. Ban gaishe shi ba. Na ga abin da gaisuwa ta yi. Na buɗe maƙogwaro na ce, “Sabinu na Kaldara yana Rami ba a saurare shi ba, saboda ya nuna dokarka!”

Masu sanduna suka zabura, ya ɗaga musu yatsa. Ya ce, “Faɗi, baƙo.” Na faɗi duka, tun daga jan sa har turare. Ya sa aka kira Kunnen da ya je Kaldara, ya tambaye shi, Kunne ya ce haka aka yi. Jama’a, na ga Kaisar yana kuka. Ba na munafunci ba, na gaske.

Ya ce, “Na hana wannan. Ubana ya hana. Sau nawa zan faɗa? Ina zaune a nan ana kawo mini yabo, ashe mutanena suna ruɓewa a duhu.” Ya buga ƙafa ruwan tasar ya fantsama. “A rubuta! Zan aika mai bincike Kaldara. In ya tarar da ko mutum ɗaya a Rami ba a yi masa shari’a ba, a ƙone masu tsaron da ransu, a haɗa da ma’aikatan Hakimi!”

Na zube na ce, “Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.” Murna kamar ta kashe ni. Aka kwance mini hannu.

Abin da ban sani ba shi ne, a Rum ba a hukunta mutum da dokar da ba a kafe a garinsu ba, wai zalunci ne. Saboda haka doka ce ke yin gaba a kan dawakin aike masu sauri, mai bincike ya biyo baya a hankali yadda ya dace da girmansa. Na roƙa a bar ni in bi dokar, aka ce dawakin aike ba na baƙi ba ne. Na bi mai bincike. Kowane gari muka shiga sai an tare shi da kirari, shi kuma sai ya tsaya ya ji har ƙarshe. Na yi ta cizon yatsa a hanya.

Muka isa Kaldara, sabuwar tagulla tana ƙyalli a ƙofar birni. Barsanu da kansa ya tarbe mu, ya kai mai bincike Rami. An zura tsani, an shafe bango da farar ƙasa, an share, har da fitilu. Babu kowa a ciki. Mai bincike ya zagaya ya gyaɗa kai. Ni kuwa zuciyata ta yi fari, na ce an sake su. Na ruga gida ina kiran “Maigida! Maigida!” tun daga ƙofa.

Dunata na zaune ita kaɗai kusa da dutsen matsa, kwandon yana gefenta. Ta rame har na so in kasa gane ta.

Na ce, “Inna, ina yake?”

Ta ce, “Zauna, Baƙo.” Na zauna. Ta ce, “Ranar da aka kafe dokarka masu tsaro suka je wa Hakimi da kuka, za a ƙone su. In an yi shari’a, maganar jan san za ta fito. In an saki na cikin Rami, za su yi magana a gaban mai bincike. Sai wani ya ce ai dokar cewa ta yi in an tarar da mutum a ciki. Ka san Ramin tafki ne a da. Magudanar da ke kawo masa ruwa tana nan, toshe ta kawai aka yi.” Ta shafa kwandon. “Da safe na je na zura kamar kullum. Na ji ya yi nauyi, na ce yau ya ja da ƙarfi. Na jawo, sai ga gurasar a jiƙe, ruwa yana zuba.”

Wayyo ni Nomau. Na yi kuka kamar ba namiji ba. Daga nan na tashi a fusace na je wurin mai bincike na gaya masa. Ya ce shi Rami aka aiko shi dubawa, ya kuma duba. Maganar ruwa sabuwar ƙara ce, sai gari ya faɗe ta da murya ɗaya a Ranar Murya, ga ta kuwa ta kusa.

Na bi gida gida. Na je wurin Lukilu na ce wannan karon a fara da kukan. Ya sunkuyar da kai. Masu ’yan’uwa a cikin waɗanda ruwa ya ci suna hango ni suna rufe ƙofa. Na koma wurin Dunata na ce, “Inna, in ke kika ce a yi, gari zai bi ki. Kaisar mutumin kirki ne, na gan shi da idona, ya yi kuka saboda mijinki. In ya ji wannan zai yi dokar da ta fi waccan zafi.”

Ta ɗago ta dube ni, babu fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Na yarda ya yi kuka. Amma Hakimi ya fara sa mutane a rumbun gishiri yanzu, ƙanen mijina yana ciki, kuma rumbun a bakin teku yake. Don Allah, Baƙo, kada ka ƙara kai mu gaban Kaisar. Lokacin da bai ji ba, mijina yana jan igiya.”

Ranar Murya aka kunna turare a gaban sabon hoto. Lukilu ya ɗaga hannu, gari ya amsa. Aka yabi Kaisar mai jin kukan talaka, aka yabi Barsanu mai tsabtar kurkuku. Wannan karon an gama da wuri, hayaƙi yana ta tashi, lokaci ya rage mai yawa. Kunne ya karkato yana jira. Dandali ya yi tsit, kana jin kukan tantabaru. Na dubi Dunata, tana riƙe da kwando, da gurasar ƙanen mijinta a ciki, bakinta a rufe gam. Muka tsaya muna kallon turaren har ya cinye kansa.

Washegari na nemi ayarin kudu. Dabarar da na je ɗaukowa ban kawo muku ba. Abin da na kawo ga shi, ku matso ku gani, wannan zoben tabo a wuyan hannuna, shatin igiyar kwandon Inna ne. Nan hikayar Nomau ɗan Gwadabe ta tsaya. Ku tashi ku tafi, kada wanda ya tsaya yi mini doguwar sallama.